Fatar Saniyar Lantana

Cadakori, bayan girbin gero

Zuwa ga ƙanwata Hasiya, a Cadawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinki, yaya gwiwar nan da ke damunki? Ina ɗanki Munir da iyalinshi? Allah ya sa kowa lafiya. Nan ma sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Salula ta zame mani kayan ado. Ran nan da kika kira, na ga sunanki ya fito, na kara a kunne, sai wani guna-guni kamar zuma a cikin tulu. Na yi ta cewa "to, to" don kada ki ji haushi, amma wallahi ban san abin da na amsa ba. Majo, babban ma'aikacin likitar nan, ya duba, ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu ma ya kama hanya. To, hannu dai yana nan, kuma mutumin da ya ƙare ƙarfinshi yana koya wa yara rubutu a lakol bai kamata ya rasa hanyar magana ba. Ɗanbaba mai motar gyaɗa yana bi ta Maradi zuwa garinku bayan kowace kasuwa, ya ce zai riƙa kai maki. Ke ma kin yi karatun manya, ki amsa mani da hannunki ko da layin ya karkace. Ba zan sa jan bik in yi maki gyara ba.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne jar saniyar Lantana. Ta tafi. Tun rasuwar Lantana, matar nan tawa, bara da damina, saniyar ce kaɗai mai numfashi a gidan bayan ni. Da safe in kwance ta ta bi makiyayin gari, da marece ta dawo da kanta. Ba na jin kukanta, amma ina ganin inuwarta in ta shigo. Makon jiya ta kwanta ta kasa tashi. Tsufa ne, haƙoran duk sun cinye. Ni da Sule maƙwabcina muka sa mata icce a ƙarƙashin ciki muka ɗaga, ƙafafun suka ƙi. Sule ya matso bakin kunnena, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakol, ya ce, "Mushe Nomau, a kira mahauci tun da sauran ranta." Na ce a kira.

Naman na raba sadaka, Allah ya kai ladan kabarin mai ita. Ni ban iya ci ba.

Da aka gama sai na ga mahauci yana naɗe fatar. Na tambaye shi ina za ta. Ya nuna kudu da hannu, wai masu saye su ƙetara iyaka da ita, a babbake a yi ganda. Ina kallon farin tabon nan na gefen cikinta, inda Lantana ke jingina goshi in tana tatsa, sai na ji bakina ya ce a aje mani ita.

Kin san tun da na aje alli nake ɗan taɓa jima don rage zaman banza. Fatun layya dai, na rago da na akuya. Buzun da na ba mijinki marigayi Malam Safiyanu ai ni na jeme shi. Amma fatar saniya ban taɓa ba. Na kankare sauran nama da kitse, na zuba gishiri, na shanya ta a inuwar iccen bedin tsakar gida, na kafe gefunan da turaku. So nake in jeme ta da gashinta, ja da farin duka, in shimfiɗa a ɗaki.

Bagaruwa ce ba ni da isasshiya. In ana samu a kasuwarku ki aiko mani da buhu guda, busasshiya wadda ba ta sha ruwa ba.

Ki gaida mutanen gidan duka. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Nomau


Cadawa

Yaya Nomau,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na sha fama kafin in gama ta, don rubutunka har yau ƙanana ne kamar tururuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, in ta ga dama ta bar ni in yi salla a tsaye, in ba ta ga dama ba a zaune. Allah ya jiƙan Lantana, ya ba ka haƙurin saniyar. Da na zo wajen goshin nan na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Amma Yaya, jima? Da kana yin na rago na yi shiru, na ce wasa ne. Yanzu kuma saniya sukutum. Mutumin da yara ke tashi tsaye in ya shigo aji, wanda ma'aikata nawa a Gidan Rumji suka bi ta hannunshi, shi ne tsugune da wuƙa cikin ƙarni da ƙudaje? Gidanmu na Tibiri da noma aka san mu. Da Inna tana da rai da ta aika an kira ka.

Ɗanka Rashidu ya kira ni, tun da kai ba a samunka. Yaron nan yana cikin damuwa. Ya ce ya gama ɗakin da ya gina maka a gidanshi na Gazawa, da ƙofarshi daban, da makewayi, har da siminti a ƙasa. Latifa matarshi ta ce ita za ta riƙa dama maka fura da hannunta. Wai ya faɗa maka da Sallah ka yi kamar ba ka ji ba, ya rasa gane ko kunnen ne ko kai ne. Na ce mashi kai ne. Mi kake tsaro a gidan nan? Wa ke dafa maka? Da wa kake hira? Matar Sule ba za ta yi ta miƙo kwano ta katanga har abada ba.

Ga bagaruwar. Na sa an sayo, na zauna na tsince ta na fidda mai ƙwari, dama ba wani aiki gare ni ba. Na sa maka ƙuli-ƙuli da yaji a leda a bakin buhun, kada ka haɗa ka daka su tare. Ba don na yarda da aikin na aiko ba. Na san in ban aiko ba kai da kanka za ka hau icce.

Ka gama ka tafi wajen ɗanka. Munir da Husaina matarshi suna gaishe ka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Hasiya


Cadakori, tsakiyar ɗari

Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Bagaruwa ta iso, mai kyau ce, Allah ya saka da alheri. Ƙulin ma na ci, sai dai bai yi mani kamar naki na da ba. Wataƙila bakina ne ya bi kunnen.

Aiki ya ɓaci, Hasiya. Ashe gishirin bai ratsa inda fatar ke da kauri ba. Da na jiƙa ta don ta yi laushi, na shafa gadon bayan, sai gashi ya biyo tafin hannuna. Na ce ko nan ne kawai. Na taɓa wuya, haka. Na yi ta kewaye farin tabon nan ina tsoron taɓa shi. Har na ɗauko wuƙa in yanke shi in aje daban, ina kamawa ya saɓule. Na zauna a bakin ruwan da gashi cike da hannu, ban san daɗewar da na yi ba, sai da na ga mutane sun fito daga azahar.

In gashi ya fara zuba ba a tsaida shi, sai dai a fidda duka. Na roƙi toka a gidan Sule, na jiƙa fatar a ruwan tokar har sauran ya saki, na ɗora ta a kan guntun icce na kankare. Da na gama sai ga abu fari mai santsi, ba mai iya cewa saniyar wa ce. Gashin na tattara na rufe a gindin bedi.

Ranar na yi niyyar in ja ta in kai bayan gari. Amma da gari ya waye na buɗe ido, sai na tuna tana jira a wanke mata toka, kuma in an bar ta za ta ci ta. Na tashi da sauri. Rabona da tashi da sauri tun Lantana na kwance.

Kin tambaye ni da wa nake hira. Da ina zuwa majalisar bakin butiki, kantin unguwarmu, bayan la'asar. In zauna, bakuna suna motsi, in an yi dariya in yi. Ran nan wani dattijo ya juyo ya faɗa mani magana, na yi murmushi na ce, "Madalla, madalla." Sai na ga kowa ya sunkuyar da kai. Ashe rasuwar ƙanenshi yake sanar da ni. Na bi shi har gida na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, kuma na san har zuciyarshi ne. Amma ban koma majalisar ba. A masallaci ma na lura wanda ke gefena yana ɗan janye kafaɗa. Ban ga laifinshi ba. Ina wanka da sabulu, ƙarnin ne ya shiga farce.

Yanzu fatar tana cikin bagaruwa. Na daka a turmi, na jiƙa, na zuba a rabin tano, gangar nan ta roba, don ƙarfe yana baƙanta fata. Safe da marece nake juya ta. Ta fara ɗaukar launi kamar shayin da ya ji wuta. Ba ta tambayata komai, ni ma ba na tsoron in ba ta amsar da ba ita ba.

Maganar Gazawa ki bar ta tukuna. Ki gaida Munir da Husaina. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Yayanki,
Nomau


Gazawa

Zuwa ga mahaifina, Mushe Nomau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin sauƙi. Latifa da yara suna gaishe ka ƙwarai. Na aika ta gidan Gwaggo Hasiya don a haɗa da tata.

Baba, ka gafarce ni in na yi maganar da ta fi bakina. Baba Sule ya kira ni ina buro, ofishinmu. Ya ce ka faɗi a tsakar gida tun da hantsi, kana jan fatar nan, kuma ba wanda ya sani. Sai da bai gan ka a azahar ba, bai gan ka a la'asar ba, sannan ya leƙo ta katanga ya iske ka kwance a ƙasa, fatar a kan ƙafafunka. Ya ce ka roƙe shi kada ya faɗa mani. Kada ka ga laifinshi, ni na gode mashi.

Ban hana ka abin da kake so ba. In jima ce, akwai fili a bayan gidana, zan sa a yi maka rumfa. Ɗakinka yana nan a share. Likita na kusa, kuma an ce mani a Maradi akwai inda ake gwada na'urar kunne, zan kai ka da kaina.

Baba, Inna ta rasu ina sarbis, wajen aiki. Na taso a kan moto, babur ɗina, cikin ruwan sama, na iso an riga an kai ta. Har yau in salula ta yi ƙara na ga lambar Cadakori sai gabana ya faɗi. Ba zan iya wannan sau biyu ba.

Na nemi konje, hutun aiki, a meri, ofishin magajin gari inda nake aiki, sun ce sai ƙarshen wata mai zuwa. In Allah ya yarda zan zo da mota mu kwashe kayanka. Ina roƙon ka amsa mani ko da layi ɗaya ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka mai biyayya,
Rashidu


Cadakori, zafi ya fara

Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na san Rashidu ya riga ya faɗa maki, don haka ba sai na yi kwana-kwana ba.

E, na faɗi. Ruwan bagaruwar ne ya yi sanyi, zan sake sabo. Jiƙaƙƙiyar fatar saniya nauyin mutum gare ta. Na jawo ta bakin tano, ƙasa ta jiƙe, ƙafa ta zame. Ƙugu ne ya bugu, bai karye ba, amma tashi ya gagara. Na yi kira. Abin da ban sani ba shi ne ko muryar na fita da ƙarfi ko a maƙogwaro take tsayawa, don ni ba na jin ta. Da na gaji na yi shiru. Ina kwance ina kallon inuwar bedi ta bar ni, rana ta hau kaina, inuwar katanga ta zo ta karɓe ni. Na yi kalmar shahada, na yi wa Lantana addu'a. Bayan nan, kada ki yi dariya, tunanin da ya dame ni shi ne wa zai juya fatar gobe.

Ban amsa wa Rashidu ba. Na ɗauki bik na aje ya fi a ƙirga. Maganar da ya yi ta uwarshi ta tsaya mani a ƙirji, yaron yana da gaskiya. Amma gidan nan na san shi ba da kunne ba. Inuwa ke faɗa mani lokacin salla. Na san inda kowane kwano yake don inda Lantana ta bar shi yake. A Gazawa zan zama tsohon da ake yi wa ihu a kunne, jikoki suna leƙe suna dariya, Latifa tana ta haƙuri da ni har haƙurin ya yi mata nauyi.

Fatar ta jemu. Na yanki bakinta na duba, launin ya ratsa har tsakiya. Saura a matse ta, a shafa mata man gyaɗa, a yi ta ja ana murzawa tana bushewa a hankali har ta yi laushi. In ta bushe ba a ja ba, ta zama ƙyaure. Wannan kuwa aikin mutum biyu ne. Na rago Lantana ke kama mani ɗaya gefen. Ta ɗaure hanci da mayafi, tana ja tana zagin aikin, tana cewa duk mazan gari sun samu abin yi ban da nata. Na gwada ɗaure gefe guda a jikin bedi na ja. Icce bai san ya saki hannu ba, sai bakin ya yage. Sule kuwa ya ɗauke ni daga ƙasa, ya kai ni likita, matarshi na ciyar da ni. Ba zan ƙara mashi da ƙarni ba. Na mayar da ita cikin ruwan tana jira.

Hasiya, ke kin yi shekaru a gidan ɗanki. Ki bar faɗan nan naki ki gaya mani gaskiya. Yaya zaman yake?

Allah ya sa mu gama lafiya.

Yayanki,
Nomau


Cadawa

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya kiyaye gaba. Da na karanta faɗuwarka ban iya cin tuwo ba ranar.

Ka ce in gaya maka gaskiya. To.

Munir ɗa ne nagari, kada ka ji wani abu daban. Ban rasa komai ba. Ɗakina yana can ƙuryar gida, da katifa, da labule. Abinci na zuwa a kan lokaci, a rufe. Husaina tana zuwa kowace safiya ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ni, in amsa, ta tashi. Ba ta taɓa ɗaga mani murya ba. Da ma ta taɓa, da na samu abin faɗi.

Ka ce ƙulin bai yi kamar nawa ba. Bakinka lafiya lau. Na kasuwa ne. Tun da Malam ya rasu na dawo nan, Munir ya ce in bar matsar mai, wai mutane za su ce ya kasa riƙe uwarshi. Kaskona da babban turmina aka ba wata. Ni da mata ke cika ƙofata tun da safe da kwalabe, ana ciniki ana gulma ana dariya. Yanzu in na ɗauki tsintsiya a karɓe, a ce Inna ki huta. Na huta, Yaya. Na huta har na gaji. Yara in sun dawo lakol suna wajen tele. Akwai ranar da in ka cire salla da amsa gaisuwa, bakina bai buɗe ba har rana ta faɗi. Kai kunne ne ba ka da shi. Ni ina da nawa biyu lafiyayyu, ba mai zuba masu komai.

Bagaruwar nan da na tsince maka, da gangan na ja aikin don kada ya ƙare. In na ji odar motar Ɗanbaba a bakin titi har na manta da gwiwa. Takardarka ce kaɗai abin da ke shigowa gidan nan da sunana.

Na yi ta ce maka ka tafi Gazawa don shi ne abin da ake cewa, kuma don ina tsoron a kira ni a ce an iske ka. Har yanzu ina tsoro. Ba zan ce ka tafi ba, ba zan ce ka zauna ba. Amma ka amsa wa Rashidu, shi ma tsoron ne ke cin shi.

Maganar fata kuwa, gwiwa ce ta lalace, ba hannu ba. Hannun da ya yi shekaru yana matse tunkuza ba fatar tsohuwar saniya ce za ta gagare shi ba. In Ɗanbaba zai komo wajenku zan biyo shi, ya ce zai sa ni gaba. Zan zo da man. Ka share mani ɗakin Lantana in ba za ka ji nauyi ba. Zagin aikin ma zan yi, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Sai na iso in Allah ya so.

Hasiya


Cadakori

Hasiya,

Assalamu alaikum. Lafiya dai?

Na buɗe ɗakin na share, na shanya tabarma, na wanke randa na cika ta. Na sayo goro da sukari. Ranar kasuwa tun da hantsi ina tasha, na sa riga mai tsabta. Duk motar da ta tsaya sai in miƙe. Ɗanbaba ya iso wajen la'asar, na leƙa gaba na ga wani mai hula. Ɗanbaba ya sauko ya miƙa mani kwalbar mai, ya yi magana mai tsawo yana kaɗa kai. Na ce ya maimaita, ya maimaita, mutane suka fara taruwa, sai na ce to na gane. Ban gane komai ba.

Na dawo na zauna a ɗakin har magariba. In ciwo ne kada a ɓoye mani.

Yayanki,
Nomau


Cadawa

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ba ciwo ba ne, ka kwantar da hankalinka. Ka yafe mani tsayuwar tasha.

Na ɗaure kayana, har na sa takalmi. Munir ya shigo ya ga ƙunshin. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a ƙasa ya kama ƙafata, ya ce, "Inna, hanyar da nisa, motar kaya ce. In kun faɗi ku biyu, wa zai ɗaga wani?" Ya fita ya gaya wa Ɗanbaba kada ya ɗauke ni. Ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ranar hannuna ya ƙi rubutu, shi ya sa man ya zo shi kaɗai.

Ban kwance ƙunshin ba tukuna, yana nan bayan ƙofa. Zan kwance.

Ka nemi wanda zai kama maka. In ba a samu ba ka bar ta ta bushe, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Ka dai ci gaba da rubuto mani, ko ba labarin fata.

Ƙanwarka,
Hasiya


Cadawa

Rashidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Latifa, da yara. Na ga takardarka tuntuni, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Maganarka a kan uwarka ta shige ni, Allah ya yi maka albarka.

Kada ka kai mota Cadakori, ba na can. Na kulle gida na ba Sule makulli. Ina Cadawa wajen gwaggonka. Na naɗe fatar da ruwanta a buhu, Ɗanbaba ya ɗora ta a kan kaya, fasinja suka toshe hanci har Maradi. Munir da ya gan ni a ƙofa da buhu yana ɗiga, sai ya sa aka share mani zaure.

Mun shafa mata mai. Gwaggonka tana zama a tabarma ta miƙe ƙafa, ta naɗe gefe guda a hannu, ni in kama ɗayan. Ta fi ni ƙarfi. Tsakiyar ta yi laushi, wuyan ya ƙi, akwai yaga a baki da hudar da wuƙa ta yi tun farko. Ba mai sayenta ko a kyauta, amma ta jemu.

Ɗakin da ka gina kada ka zuba hatsi a ciki, kada kuma ka zauna jirana. Ban yanke komai ba. Daga nan zuwa Gazawa ba nisa, ka zo ran Lahadi da yaran. In ka zo, kai ka rubuta, ni in amsa da baki. Na'urar kunnen ma zan gwada.

Saura ƙafar baya guda muke ja. Gwaggonka tun da safe take magana, ba ta tsayawa sai salla. Jiya na ce mata, "Hasiya, kin san fa ba na jin ko rabin abin da kike faɗi." Ta matso bakin kunnena ta ce in ja kawai, ita ba amsa take jira ba.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka,
Nomau